Famfon ruwa: Ƙaramar robar da lafiyar injin kwale-kwale ta dogara a kanta

A garuruwan da ke bakin Kogin Neja da Kogin Binuwai da Tafkin Kainji, kwale-kwale mai inji shi ne motar zuwa kasuwa, shi ne kuma motar kai mara lafiya asibiti. Daga Yauri da Warrah a Jihar Kebbi zuwa Malale a Jihar Neja, daga Patigi a Jihar Kwara zuwa Lokoja da Ibi, har zuwa Baga a gaɓar Tafkin Chadi, dubban masunta da manoma da 'yan kasuwa sun dogara ne da injin da ake ratayawa a bayan jirgi. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa na Cikin Gida ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedikwatarta ke Lokoja, ta ƙiyasta cewa Najeriya na da hanyoyin ruwa da suka kai kilomita 10,000, waɗanda suka ratsa jihohi 28.

Abubuwan da aka fi dangantawa da haɗurran jiragen ruwa a ƙasar nan su ne lodin da ya wuce ƙa'ida, tafiyar dare, tsufan jirage da cin karo da kututturan itatuwa da ke ɓoye a ƙarƙashin ruwa. Sai dai mutuwar inji a tsakiyar kogi ma na cikin jerin. A watan Oktoban 2022, lokacin da ambaliya ta mamaye Ƙaramar Hukumar Ogbaru ta Jihar Anambra, wani jirgi ɗauke da mutum 85 ya kife, inda Fadar Shugaban Ƙasa ta sanar da mutuwar 76 daga cikinsu. Rahotannin da suka biyo baya sun nuna cewa injin jirgin ne ya samu matsala, ruwa ya ja shi har ya daki gada.

Idan mota ta lalace a hanya, direba kan gangara gefe ya jira makanike. Jirgin da injinsa ya mutu a ruwa mai gudu ba shi da gefen da zai gangara, domin injin ne ke tura shi, shi ne kuma ke juya akalarsa. Ɗaya daga cikin dalilan da suka fi kashe irin wannan inji shi ne zafi, kuma yawancin matsalar zafi na farawa ne daga wata ƙaramar roba da ba ta kai tafin hannu ba.

Yadda injin ke sanyaya kansa

Injin mota na da lagireto da ke ajiye ruwa yana zagayawa da shi. Injin kwale-kwale ba ya ajiye ruwa. Yana zuƙowa ne kai tsaye daga kogin da yake tafiya a kai, ta wasu ƙananan kafofi masu raga da ke jikin ƙafar injin, kusa da farfela. Daga nan famfo ya tura ruwan sama ta cikin wani siririn bututu zuwa kan injin, ya zagaye silinda ya ɗebe zafi, sannan mafi yawansa ya fita tare da hayaƙi ta ƙarƙashin ruwa.

Famfon na zaune ne a saman ƙafar injin, kuma doguwar sandar ƙarfen da ke sauko da ƙarfin inji zuwa farfela ita ce ke ratsa tsakiyarsa tana juya shi. A cikinsa akwai wata roba mai fukafukai, galibi shida, wadda makanikai ke kira impela. Tana juyawa ne a cikin wani kofin ƙarfe da ba a daidaita ta a tsakiyarsa ba, da gangan. A ɓangare ɗaya fukafukan na buɗewa su ja ruwa, a ɗaya ɓangaren su matse su tunkuɗa shi sama. Wani ɗan guntun ƙarfe da ake kira ki ne ke maƙale robar da sandar domin su juya tare.

A saman injin akwai na'urar daidaita zafi, wadda ke tsare ruwan har sai injin ya ɗumama zuwa kimanin digiri 50 zuwa 60 a ma'aunin Celsius kafin ta buɗe masa hanya. Akwai kuma wani siririn ruwa da ke tsartuwa daga bayan injin, ƙasa da murfi. Kamfanoni sun yi wannan kafa ne domin ta zama shaida ga matuƙi cewa famfo na aiki.

Abin da ke cinye robar

Ruwan da impela ke turawa shi ne kuma ke sanyaya ta, yana sa ta zamewa a jikin kofin. Don haka idan aka tada inji a kan tudu ba tare da ruwa ba, robar na gogar busasshen ƙarfe, kuma cikin ƙasa da minti ɗaya bakin fukafukanta na iya ƙonewa. Al'adar ɗan tada inji a bakin gaɓa ko a shagon gyara domin a ji ƙararsa na rage wa famfo kwana, ko da lahanin bai bayyana nan take ba.

Abu na biyu shi ne yashi da laka. Masu binciken Kogin Neja sun raba cikarsa a yankin Kainji gida biyu. Akwai farar ambaliya da ruwan damina ke kawowa daga wajen watan Agusta zuwa Oktoba, mai ɗauke da laka mai yawa, sai baƙar ambaliya da ke isowa daga tsaunukan Guinea a lokacin hunturu, bayan ta zubar da lakarta a hanya. A lokacin farar ambaliya famfo na zuƙar ruwa mai ƙasa-ƙasa, kuma wannan ƙasa na cin roba da kofin ƙarfe kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke cin ƙarfe. Da rani kuma, lokacin da ruwa ya ja baya a Binuwai da Neja, tudun yashi kan fito a tsakiyar kogi, ƙafar inji ta riƙa sharar ƙasa tana zuƙar yashi kai tsaye.

Na uku shi ne toshewar kafofin shan ruwa. Ledar da ke yawo a ruwa, kainuwa da sauran ciyayin ruwa, ko kachalar da ta mamaye fadamun Haɗeja da Nguru, duk suna iya manne wa ragar su hana ruwa shiga. Na huɗu shi ne daɗewa a ajiye. Robar da ta yi watanni a matse a wuri ɗaya cikin zafin rana kan bushe, fukafukanta su sandare a lanƙwashe, ta kasa tura ruwa yadda ya kamata ko da ba ta tsage ba.

Alamomin da ya kamata matuƙi ya lura da su

Alama ta farko ita ce ruwan shaida. Idan ya rage ƙarfi, ko yana fita yana yankewa, ko ya zama tururi, ko ya ɗauke baki ɗaya, akwai matsala. Wani lokaci matsalar ƙarama ce, domin yashi ko zanzaro kan toshe ɗan ramin da ruwan ke fita, kuma zura igiyar fatsa mai kauri a ciki na iya buɗe shi. Idan an yi haka ruwan bai dawo ba, to famfo ne abin zargi.

Sauran alamomin sun haɗa da raguwar ƙarfin inji bayan ya yi tafiya, warin ƙonannen fenti ko roba, da kuma kan injin ya yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Manyan injuna na da ƙararrawa da ke kuka, wasu ma su rage gudu da kansu. Ƙananan injuna da yawa da ake tadawa da igiya ba su da wannan kariya, don haka idon matuƙi ne kaɗai mai gadi.

Idan haka ta faru a tsakiyar ruwa, matakin da ya dace shi ne a sassauta wuta, a mayar da giya firi, a kashe injin, a ɗaga ƙafarsa a share kafofin shan ruwa. Inda ruwa ke gudu, a fara jefa anka ko a sa mutane su kama filafili kafin a kashe. Idan an sake tadawa ruwan shaida bai fito ba cikin 'yan daƙiƙoƙi, lallaɓawa da injin zuwa gaɓa na iya ƙona gasket ɗin kan silinda, ya lanƙwasa kan, ko fistan ya kumbura ya liƙe, wato injin ya buga. Gyaran injin da ya buga ya ninka kuɗin sabon famfo sau da yawa, kuma yana tsayar da jirgi daga aiki na kwanaki ko makonni.

Yadda ake gyaran famfon

Aikin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. Sifana da sukudireba da filaya da ɗan giris sun isa, amma yana buƙatar natsuwa da bin tsari.

Da farko ana cire hulunan fulogi domin kada injin ya tashi bisa kuskure, sannan a sa giya a matsayin da littafin injin ya nuna, domin wannan ya bambanta daga samfuri zuwa samfuri. Daga nan a kwance mahaɗin sandar canja giya, a kwance kusoshin da ke riƙe da ƙafar injin. A wasu injuna akwai kusa ɗaya da ke ɓoye a ƙarƙashin ɗan ƙaramin fiffiken ƙarfe da ke saman farfela. Wanda bai san da ita ba kan yi ta dukan ƙafar har ya fasa ta. Yana da kyau a yi wa fiffiken alama kafin a cire shi, domin a mayar da shi yadda yake, kasancewar shi ke hana injin rinjaya gefe ɗaya.

Bayan an sauke ƙafar, sai a kwance kusoshin gidan famfo a zare shi ta saman sandar, a cire impela da ki da farantin ƙarfen da ke ƙasa. A nan ne ake duba ainihin lahanin. Ana ƙirga fukafukan a tabbatar sun cika, a duba tsagewa a gindinsu, a kuma duba ko robar ta saki ƙarfen da ke tsakiyarta, domin idan ta saki, sandar za ta riƙa juyawa ita kuma tana tsaye. Idan farce na maƙalewa a zanen da yashi ya yi a jikin kofin ko farantin, sabuwar roba ba za ta daɗe a ciki ba. Shi ya sa kamfanoni ke sayar da kayan famfo a haɗe, roba da kofi da faranti da gasket da ki, kuma ga jirgin da ke aiki a ruwa mai yashi, sauya su gaba ɗaya ya fi sauya robar ita kaɗai.

Idan wani fiffike ya ɓalle, wajibi ne a nemo shi. Guntun kan bi bututu ya hau sama ya maƙale a hanyar ruwa ko a na'urar daidaita zafi, sai a ga an sa sabon famfo amma injin na ci gaba da zafi.

Wajen mayarwa, ana goge wurin tas, a shimfiɗa sabon gasket da faranti, a liƙa ki a raminsa da ɗan giris, sannan a zura robar ta yadda tsagin da ke cikinta zai hau kan ki. Ana shafa wa kofin ruwan sabulu ko giris kaɗan, sai a danna gidan famfon ƙasa a hankali ana juya sandar ta hannun dama, yadda hannun agogo ke tafiya. Wannan juyi ne ke kwantar da fukafukan zuwa ɓangaren da za su yi aiki. Kusoshin ana ɗaure su ne ɗaya bayan ɗaya a gicciye, ba tare da matsewa fiye da kima ba, domin gidan famfo da yawa na roba mai tauri ne, yana iya lanƙwashewa ko tsagewa.

Kafin a mayar da ƙafar, ana shafa giris a haƙoran da ke saman sandar, a gefensu kawai. Giris ɗin da aka tara a kan ƙoƙon sandar na hana ta shigewa har ƙarshe. Wurin da aka fi yin kuskure shi ne bututun ruwa, wanda dole ne bakinsa ya faɗa cikin robar da ke saman gidan famfo. Idan ya kauce, famfo zai yi ta tura ruwa amma ba zai kai kan inji ba. Idan ƙafar ta ƙi zama, a ɗan juya sandar har haƙoran su haɗu. Jawo ta da ƙarfin kusoshi na lalata sanda da bututu.

Gwaji ana yin sa ne a cikin kogi ko a cikin duro, kuma ruwan ya rufe faffaɗan farantin da ke saman farfela sosai, ta yadda famfon kansa zai nutse. Idan ruwan shaida na fita da ƙarfi amma injin na zafi, sai a duba na'urar daidaita zafi. Wasu makanikai kan cire ta su jefar, alhali injin da ke aiki a sanyaye kullum na shan mai da yawa, yana tara baƙin hayaƙi a fulogi da fistan.

Lissafin sa'o'i

Littattafan injuna da dama na ba da shawarar a duba impela duk bayan sa'o'i 100 na aiki ko shekara ɗaya, a kuma sauya ta bayan sa'o'i 300 ko shekara uku, duk wanda ya riga zuwa. Masu jirage da yawa kan riƙe lissafin shekara su manta da na sa'o'i. Lissafin shekara ya dace ne da wanda ke fita ruwa jefi-jefi. Jirgin fito da ke aikin sa'o'i huɗu a kullum zai cika sa'o'i 100 cikin kwana 25, ya cika 300 cikin kwana 75. Ke nan robar da mai jirgi ke ganin ba ta yi wata uku ba, ta riga ta cika wa'adinta, kafin ma a sa lahanin yashi a lissafi.

Tun bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tafiyar da jirgi ya ƙaru, haka ma farashin kayan gyara da ake shigowa da su daga waje. Wannan na iya tura mai jirgi ga jinkirta gyara ko sayen jabun kaya. Jabun impela na kama da ta ainihi a ido, amma robarta ba ta jure zafi da lanƙwasa, kuma kurenta yana fitowa ne a lokacin da injin ke ɗauke da kaya mafi nauyi. Hausawa na cewa araha ba ta ado.

Mai, giya da farfela

Yawancin injunan da ke aiki a kogunan ƙasar nan, kamar samfurin Enduro na kamfanin Yamaha masu ƙarfin doki 15 ko 25 ko 40 ko 75, na nau'in da ake gauraya fetur da man inji ne. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na mai, wato mililita 20 a kowace lita, ko rabin lita a tanki mai lita 25. Sabon inji kan buƙaci ninkin haka a sa'o'insa na farko. Man da ya dace shi ne mai ɗauke da alamar TC-W3, wanda aka yi domin injunan da ruwa ke sanyayawa. Baƙin man mota ba ya ƙonewa da kyau a irin wannan inji, yana barin dauɗa a fulogi da zobban fistan. Sabbin injuna masu ma'ajiyar baƙin mai daban kuwa ba a gauraya musu komai a fetur.

Da yake a ƙauyukan bakin ruwa a jarka ake sayen fetur, ruwa da ƙura na saurin shiga cikinsa. Tace shi kafin zubawa, wanke matacin mai da kuma zubar da abin da ya kwanta a ƙasan kafireto na hana injin shaƙewa. Gurɓataccen fetur mai yawan sinadarin methanol, irin wanda aka shigo da shi ƙasar nan a shekarar 2022, na lalata tiyo da robobin da ke cikin hanyar mai.

A ƙasan ƙafar injin akwai man giya, wanda ake sauyawa duk bayan sa'o'i 100. Ana ɗura shi ne ta ramin ƙasa har sai ya fito ta ramin sama, domin kada iska ta maƙale a ciki. Idan tsohon man ya fito fari kamar madara, ruwa ya shiga. Abin da ya fi haddasa wannan a yankunan masunta shi ne igiyar fatsa ko zaren koma da ke naɗewa a bayan farfela, ya yanka robar da ke tsare man. Cire farfela lokaci-lokaci a share sandar a shafa mata giris na magance wannan. Farfelar da ta lanƙwashe ko ta gutsure na sa injin karkarwa, kuma karkarwar na cinye giya.

Masu aiki a ruwan gishiri, kamar a Legas da gaɓar Neja Delta, na da ƙarin aiki. Bayan kowace tafiya ana ɗauraye cikin injin da ruwan daɗi, domin gishiri na daskarewa ya toshe hanyoyin ruwa. Akwai kuma wasu guntayen ƙarfe da aka ɗaura a jikin ƙafar domin tsatsa ta cinye su maimakon injin. Ba a shafa musu fenti, kuma ana sauya su idan sun ci rabi.

Abin da ya rataya a wuyan masu jirage

Dokokin Sufurin Ruwa na 2023 da NIWA ke aiwatarwa sun wajabta sanya rigar kariya, sun hana lodin da ya wuce kima, kuma hukumar ta haramta tafiya tsakanin ƙarfe 6 na yamma da 6 na safe. Jami'in da ke tsaye a tasha na iya ƙirga fasinjoji ya duba rigunansu, amma ba zai iya ganin halin da robar da ke cikin ƙafar inji take ciki ba. Wannan aiki ne na mai jirgi da matuƙi da makanike, da kuma ƙungiyoyin masu jirage da ke tsara layin lodi a tashoshi.

Ƙaramin littafi da ake rubuta sa'o'in aiki da ranar da aka sauya impela da man giya ya wadatar wajen sanin lokacin gyara. Haka nan bai kamata jirgi ya bar gaɓa ba tare da fulogi na ko-ta-kwana, igiyar tada inji, kayan kwancewa, filafili da anka ba. Igiyar kashe inji da ake ɗaura wa matuƙi a hannu ko a ƙugu na tsayar da injin nan take idan ya faɗa ruwa, don haka ba abin naɗewa a jikin hannun sitiyari ba ce.

Fasinja ma na da abin da zai iya dubawa ba tare da ya san aikin inji ba. Da zarar an tada injin a tasha, ya kalli bayansa. Idan siririn ruwan nan na tsartuwa da ƙarfi, famfo na aiki. Idan babu shi, yana da hujjar ya nemi a duba injin tun jirgin na ɗaure a gaɓa.